Darasin Wannan Wata: Karatun Yara a Lokacin Dogon Hutu

  

Yawancin makarantunmu sukan rufe a ƙarshen watan Yuli, ba a komawa sai cikin Satumba. Wannan shi ne dogon hutu, kusan mako shida, wani lokaci har ya ɗara. Hutun yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin maimai da huɗa da zuba taki. Saboda haka yaron karkara ba ya rasa aikin yi. Da safe yana gona ko wajen kiwo, da yamma yana makarantar allo. Yarinya tana ɗebo ruwa, tana reno, tana taya uwa girki. Duk wannan tarbiyya ce, ba mu ce a hana su ba. Abin da darasinmu na wannan wata yake nema shi ne rabin awa kawai a kowace rana, a ba yaro littafin labari ya karanta a gida, a gaban iyayensa.

1. Abin da hutu yake yi wa karatun yaro

Kowane manomi ya san fartanyar da aka jingine tun kaka. Idan aka ɗauko ta da bazara, sai an kai ta maƙera. Karatu ma haka yake. Ku da kuka koyi karatu da girma kun fi kowa sanin wannan. Wanda ya yi wata biyu bai zo aji ba, ranar da ya dawo sai ya ga baƙaƙen da ya sani sun zame masa baƙi. To, haka yake faruwa ga yaro ɗan aji biyu ko aji uku, wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali ba. Idan ya yi mako shida bai buɗe littafi ba, malaminsa zai ɓata makonnin farko na sabon zango yana maimaita abin da aka riga aka wuce.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, cikin yara 10 'yan shekara 10, kusan 7 ba sa iya karanta gajeren labari su gane ma'anarsa. Yaron da bai iya karatu sosai ba, lissafi da kimiyya da tarihi duk za su gagare shi, domin ta hanyar karatu ake shiga kowannensu. Daga nan sai ya fara jin kunyar aji, daga jin kunya sai gudun makaranta.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Mako shida kwana 42 ke nan. Rabin awa sau 42 ya ba mu awa 21. Idan yaro yana karanta shafi 2 kawai a rana, kafin a koma makaranta ya karanta shafi 84. Wannan ya isa ya gama ƙaramin littafi sukutum, har ya fara wani. Da yayyafi kogi kan cika.

2. Yadda labari yake gyara hali

Tun kafin boko ya zo, iyayenmu mata suna tarbiyyar yara da tatsuniya. Ba su tsaya suna cewa kwaɗayi ba shi da kyau ba. Sai su kawo labarin Gizo, yaro ya ga yadda kwaɗayi ya kai shi ya baro. Su kawo labarin 'yar mowa da 'yar bora, yaro ya ga ladabi ya kai ɗaya gidan sarki, rashin kunya ya kai ɗaya ga wahala. Faɗa yana shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, amma labari yana zama a zuciya har tsufa. Littafin labari mai kyau aikin da yake yi ke nan, sai dai shi yana jiran yaro a kowane lokaci, ko da kaka ta yi barci.

Ga misali. A cikin Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, akwai labarin Sarkin Busa. Asalinsa tsohon labari ne na wani gari da ake kira Hamelin a ƙasar Jamus. Ɓeraye suka addabi garin. Wani baƙo mai busa ya ce zai raba su da ɓerayen idan za a biya shi. Aka yi alkawari. Ya yi ta busa, ɓeraye suka bi shi har kogi suka halaka. Da buƙata ta biya, sai manyan gari suka hana shi ladansa. Ya dawo ya sake busa, wannan karon 'ya'yansu ne suka bi shi, ba a sake ganinsu ba. Mutanen garin suna cewa abin ya faru a shekarar 1284, kuma yara 130 ne suka ɓata. Yaron da ya karanta wannan ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan cika alkawari. Ya ga abin da cin amanar ɗan ƙodago yake jawowa gari. Ranar da ya girma ya ɗauki 'yan ƙodago a gonarsa, labarin zai faɗo masa.

Haka kuma littafin Shaihu Umar, na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Yaro ne aka sace shi yana ƙarami a zamanin bauta, aka raba shi da uwarsa. Duk inda ya sami kansa ya riƙe gaskiya da haƙuri da neman ilmi, har ya zama babban malami. Uwarsa kuwa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta sha wuya shekara da shekaru saboda ɗanta. Da wuya yaro ya gama wannan littafi bai ƙara ganin girman mahaifiyarsa ba.

3. Littafi yana kai yaro inda ƙafarsa ba ta taka ba

Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilmi. Amma yaro nawa ne a ƙauyukanmu ya taɓa wuce hedikwatar ƙaramar hukumarsa? Yawancin abin da ya sani game da Bayarabe ko Ibo ko Bature, a bakin hira ya ji shi, kuma sau da yawa abin da ake faɗa a hira zolaya ce ko zagi. Yaron da ya tashi da wannan kaɗai, ranar da aka ce masa su wane miyagu ne, ba zai yi musu ba. Mun ga irin asarar rayuka da dukiya da wannan jahilci yake jawowa a ƙasar nan. Wanda kuwa ya taɓa zama da baƙo a cikin littafi, ya ji yunwarsa, ya ji tsoronsa, ya yi dariya tare da shi, ba a saurin zuga shi.

Manyan marubutanmu sun gane haka tun tuni. A 1933 aka shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa a ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, a Zariya. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Bayan haka, a 1936, aka ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina, ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zaɓi waɗanda suka dace, ya sa musu riga da hula irin namu, ya sa su a bakin wani aku mai hikima. Shi ya sa za ka ga labarin da aka haifa a Jamus ko Bagadaza yana yawo a Hausa kamar ɗan gida.

Littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa ma haka ne. Asalinsa tsofaffin waƙoƙin jarumta ne na mutanen Rasha, game da wani jarumi, Iliya, wanda ya daɗe ba ya iya tafiya, daga baya ya sami lafiya da ƙarfi, ya tafi birnin Kiyef ya yi wa sarki hidima yana kare jama'a. Birnin nan yana nan har yau, shi ne babban birnin ƙasar Yukren da kuke ji a rediyo. Darasin littafin ya dace da samarinmu: ƙarfi amana ne, amfaninsa a kare mai rauni.

Akwai kuma Kalila wa Dimna, wanda almajirai da malamai da yawa suka sani da Larabci. Asalin labaransa daga Indiya ne. Aka juya su zuwa harshen Farisa, sannan wani malami, Ibn Muƙaffa, ya juya su zuwa Larabci wajen shekarar 750. A ciki akwai labarin kurciyoyin da suka faɗa tarkon maharbi. Da kowace ta yi ta fizge-fizge ita kaɗai, da duk sun shiga tukunya. Sai suka haɗa ƙarfi suka tashi da ragar gaba ɗaya, suka kai ta wurin abokinsu ɓera ya cinye igiyoyin. Manomin da yake cikin ƙungiyar gayya ya san wannan darasi, ga shi mutanen Indiya ma sun san shi tun fiye da shekara dubu.

Ko a nan kusa da mu haka abin yake. Mu muna da Gizo. Mutanen Ashanti na ƙasar Gana suna da nasu gizon, sunansa Ananse. Yarbawa kunkuru ne mai wayonsu, suna kiransa Ijapa. Larabawa suna da Juha. Kowace al'umma tana da ɗan wayon da kwaɗayi yake kayar da shi, domin kowace al'umma tana son ɗanta ya tashi da gaskiya. Idan yaro ya gane wannan, ya gane babban abu: abinci da sutura da harshe sun bambanta, amma iyaye a ko'ina abu ɗaya suke nema ga 'ya'yansu. Allah ɗaya, gari bamban.

4. Wane littafi ya dace da wane yaro

Ba a ba jariri tuwo. A duba ƙarfin karatun yaro kafin a ba shi littafi.

'Yan aji ɗaya zuwa uku: a ba su littattafai masu manyan baƙaƙe da hotuna. Tsofaffin littattafan nan, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, har yanzu suna da amfani inda aka same su. Akwai kuma Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya.

'Yan aji huɗu zuwa shida: Magana Jari Ce na ɗaya, da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Ruwan Bagaja. Game da Ruwan Bagaja, a tuna wa yaro cewa ƙeta da ramuwar da ake yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe abin dariya ne, ba abin koyi ba. Abin koyi shi ne naci da cika abin da mutum ya sa gaba.

'Yan sakandare: Shaihu Umar, da Magana Jari Ce na biyu da na uku, da Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin tafiyarsa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma. Wanda ya fara jin Turanci, a nema masa Chike and the River na Chinua Achebe, wanda aka buga a 1966. Labarin wani yaro Ibo ne a garin Anacha, wanda babban burinsa ya haye kogin Kwara zuwa Asaba, amma ba shi da sisin da zai biya jirgin fito. Yaronmu zai ga Chike ba shi da bambanci da shi. Akwai kuma The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960. Marubucin Ibo ne da aka haifa a Minna, labarin kuwa na ƙasar Hausa ne, a kan yadda neman fansa yake cinye rayuwar mutum.

Hanya mai sauƙi ta gane ko littafi ya yi wa yaro nauyi ita ce a sa shi ya karanta shafi ɗaya. Duk kalmar da ta gagare shi a lanƙwasa yatsa ɗaya. Idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafi ya ƙare, a ajiye littafin sai baɗi, a nemo wanda ya fi sauƙi.

5. Yadda za a yi a gida

Na farko, a tsayar da lokaci ɗaya. Wasu gidaje bayan azahar ya fi, sa'ad da aka dawo daga gona aka ci abinci. Wasu kuma bayan sallar isha'i, da tocila ko fitila mai aiki da hasken rana. Kada lokacin ya ci karo da makarantar allo ko Islamiyya. Ranar da ruwa ya hana zuwa gona, a ninka.

Na biyu, yaro ya karanta da ƙarfi, kowa yana ji. Uba ko uwa da suke zuwa aji su karɓa su karanta sakin layi ɗaya, yaro ya karanta ɗaya. Idan ka yi tuntuɓe ɗanka ya gyara maka, kada ka ji kunya. Ganin uba mai furfura yana fama da littafi ya fi wa yaro amfani fiye da faɗa sau ɗari. Wanda bai iya karatu ba sam, shi ma yana da aiki: ya zauna ya saurara. Kunnenka ya san Hausa, idan yaro ya karanta abin da ba shi da ma'ana za ka ji, ka ce ya sake.

Na uku, bayan an gama a yi wa yaro tambaya huɗu. Me ya faru a labarin? Wa ya kyauta, wa bai kyauta ba? Da kai ne, yaya za ka yi? Me mutanen labarin suke yi da ya yi kama da namu, me kuma ya bambanta? A bar yaro ya faɗi ra'ayinsa, ko da bai yi daidai da naka ba, sannan a gyara masa da lalama.

Na huɗu, a nemi wuraren da aka ambata. Idan ana karanta Shaihu Umar, a roƙi malamin firamare ya nuna taswira, a ga Kano, a ga hamadar Sahara, a ga Murzuk da Tarabulus waɗanda suke cikin ƙasar Libiya a yau, a ga Masar. Idan akwai wanda ya taɓa zuwa Makka, ko ya yi cin rani a Ikko ko Kumasi, a gayyato shi ya ba yara labarin abin da ya gani da idonsa.

Na biyar, kada a bar 'yan mata a baya. Sau da yawa a kan ba namiji littafi, mace kuwa a ɗora mata tallan gyaɗa. Rabin awar nan hakkinta ne ita ma. Ita ce gobe za ta zauna da nata 'ya'yan.

Na shida, ban da bulala. A nan zan faɗa muku kuskuren da ni kaina na yi. Wani hutu na sayo wa babban ɗana littattafai uku, na kafa masa doka cewa kullum sai ya karanta shafi goma, in ya kasa ba ƙwallo. Kafin mako biyu yaro ya tsani littattafan, har ya ɓoye ɗaya a bayan buhun masara ya ce ya ɓata. Da na ga haka sai na sake dabara. Na riƙa karanta musu labari da kaina da dare, in na kai inda ya fi daɗi sai in rufe in ce na gaji. A dare na uku na tarar da shi a zaure da tocila, yana neman inda na tsaya. Tun daga ranar ban sake cewa ya yi karatu ba.

6. Ina za a sami littafi

Mun san kuɗi ya yi wuya, kuma ba kowane ƙauye ke da mai sayar da littafi ba. Ga dabaru uku. Gida goma su haɗu, kowane gida ya sayi littafi ɗaya idan an shiga birni cin kasuwa, a riƙa musanya duk ranar Juma'a. Da kuɗin littafi ɗaya, ɗanka ya karanta goma. A sa mutum ɗaya ya riƙe ɗan littafin rajista, ya rubuta wa ya ɗauka, yaushe zai dawo da shi. Dabara ta biyu, a tambayi hedimasta da tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya. Akwatunansu cike suke da littattafan da gara take ci. Ta uku, mai babbar waya ya nemi African Storybook a intanet, akwai gajerun labaran yara da Hausa, masu hotuna, kyauta, daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Da damina, a sa littafi cikin leda, a rataye shi nesa da ƙasa saboda laima da gara. A koya wa yaro ya wanke hannu kafin ya taɓa, kada ya naɗe shi kamar tabarma. Mayar da kayan aro lafiya, shi ma wani darasin hali ne.

7. Hattara

Ba kowane littafin Hausa ne na yara ba. Littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwa an rubuta su ne domin manya. Ko cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labaran da ba su dace da ƙaramin yaro ba. Kafin ka miƙa wa ɗanka littafi, ka duba shi, ko ka ba wani malami da ka amince da shi ya duba. Haka nan wayar hannu: idan ka ba shi don karatu, ka zauna kusa.

Wani zai ce, idan yaro ya san al'adun wasu, ba zai raina tasa ba? Amsa ita ce, abin ya danganta ga wanda yake zaune kusa da shi. Shi ya sa muka ce a karanta a gaban iyaye, a kuma fara da tatsuniyoyinmu da tarihinmu. Abubakar Imam ya karanta labaran duniya, ya je Ingila ya dawo, bai fasa zama Bahaushen malami ba, sai ma ya ƙara wa Hausa arziki. Itacen da saiwarsa ta kama ƙasa ba ya tsoron iska.

Tambayoyi

1. Idan yaro yana karanta shafi 3 a rana, shafi nawa zai karanta cikin kwana 42?
2. Wane hali ne labarin mai busa na garin Hamelin yake koyarwa?
3. Faɗi sunan ɗan wayon tatsuniyar Yarbawa da na mutanen Ashanti.
4. Daga wace ƙasa labaran Kalila wa Dimna suka samo asali?
5. Kawo tambayoyi huɗu da za a yi wa yaro bayan an gama karatu.

Aikin wata

Kowane ɗalibi ya zauna da ɗansa ko jikansa ko ƙanensa su karanta labari ɗaya a wannan mako. Ya rubuta jimla biyar a kan abin da yaron ya ce game da labarin, ya kawo wa malamin ajinsa. Malamai kuma su taimaka a kafa ƙungiyar musanyar littafi, ko da ta gida biyar ce, kafin hutu ya raba tsakiya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su fi mu ilmi da hali. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.